Hannun da Kika Riƙe, Safara'u

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Satumba na 1993, ana dab da ƙarshen watan Mauludi, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Dakta Safara'u 'yar Malam Huseini, likitar dabbobi, ta cika a gidanta da ke Didawure a Sokode, bayan fama da ciwon zuciyar da ta daɗe tana ɓoye mana girmansa. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu koma, ta riga mu ne kawai. Ina gefen gadonta lokacin, kuma ni na rufe mata ido.

Ni ce Barakatu mai daddawa ta Zangon Dapaong, matar Alassani mahauci. Ba malama ba ce ni, lakwal ɗin ma, makarantar boko, ban yi nisa ba aka cire ni. Amma tun ranar da aka kai ki makwancinki, Safara'u, mutane ke shigowa gaisuwa, kowa ya ce "mutuniyar kirki ce," a shafa fatiha, a tashi. Wallahi wannan maganar ta yi mini kaɗan, har takan ba ni haushi. Mutanen kirki suna da yawa a Sokode. Ke kuwa, ba don Allah Ya kawo ki ba, da yanzu haka ina zaune cikin takaba, 'ya'yana suna amsa sunan marayu. Shi ya sa na ce sai na rubuta da hannuna yadda abin ya faru, wanda bai san ki ba ya san wadda aka rasa.

Muna yara a Sokode, kafin aure ya kai ni Dapaong, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da naku. A tsakar gidan mahaifiyarki, Inna Gwamma, muka koyi daddawa tare. A dafa kalwa tun safe har la'asar, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, a tsane ta a kwando, a lulluɓe, a kai ɗaki mai ɗumi a bar ta ta nuna. Inna tana da wani tsohon buhu da ya yi baƙi don tsufa, wanda ta gada daga uwarta. Da shi ake lulluɓe kalwar. Ba a wanke shi da sabulu, shanya shi kawai ake yi a rana, kuma kaiton yarinyar da ta kuskura ta jefa shi cikin wanki. Duk 'yar da za ta fara sana'arta a gidan miji, sai an yago mata ƙyalle daga jikinsa. Kowa ya san sabon buhu ba ya ba da daddawa mai kyau da wuri. Dalili kuwa ba wanda ya taɓa tambaya, sai ke.

Ba zan manta ba, muna 'yan mata, kika tsaya a kan tukunya kika ce, "Inna, an dafa kalwar nan har ta yi laushi. Me ya rage da rai da zai sa ta nuna?" Inna ta ce albarkar buhu ce, ki wuce ki ba ta wuri. Ni na ƙyalƙyale da dariya na ce Safara'u ta fara. Ashe tambayar da za ta cinye rayuwarki ke nan. Ita ta kai ki makarantar likitocin dabbobi a Dakar, ta ƙetara da ke Faransa, ta kuma dawo da ke Sokode lokacin da sa'o'inki ke neman kujera a Lome. Na yi miki tsiya a kan wannan har na gaji. Na ce duk wannan karatu, ƙarshensa ki dawo kina kankare tsohon buhu kamar wadda ta ɓatar da kwabo a ciki.

Wata rana na sauko daga Dapaong da kaya, kika ja ni zuwa ɗan ɗakin bincikenki, wanda kuke ce wa labo. Kika kankaro ƙura daga ƙyallen buhun Inna, kika ɗiga ruwa, kika sa a ƙarƙashin madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, kika ce in leƙa. Na leƙa ina mita. Wasu 'yan ƙwayoyi na gani masu ƙyalli, kamar tsabar shinkafa, kwance ba motsi. Kika canza gilashi, kika sa wanda kika shafa wa ruwan kalwa tun safe. Kai! 'Yan sanduna ne birjik, suna ta kai da komo kamar ranar kasuwa. Kika ce mini abu ɗaya ne. Na farkon barci suke yi, na biyun sun farka. Masu barcin ne Turawa ke kira sipor, kuma su ne albarkar buhun Inna.

Ranar kika zaunar da ni kika yi mini bayani da Hausar tsakar gida, kuma har yau ban daina mamakinsa ba. Kin ce ƙwayar bakteriyar nan, idan abinci ya ƙare mata, ba ta tsayawa jiran mutuwa. Sai ta raba cikinta biyu, babba da ƙarami. Babban ya haɗiye ƙaramin, ya zama uwa gare shi. Daga nan uwar ta shiga yi wa ɗan sutura. Ana matse ruwan jikinsa har ya bushe ƙayau. Wasu ƙananan sinadarai da kike kira furotin su zo su rungume zaren gadon halittarsa, su riƙe shi gam, kada zafi ko hasken rana su lalata shi. A kewaye shi da wani kauri mai tauri. A bisa wannan kuma uwar ta ɗinka masa riga ta furotin iri-iri, hawa kan hawa. Kin ce ba a jibga su haka kawai. Akwai furotin ɗin da ke fara zama ya kafa gindi, kamar karan farko da masaƙin kwando ke ɗaurawa, sauran su biyo shi kowa ya san mazauninsa. In aka rasa wannan guda ɗaya, rigar sai ta tashi a karkace ko ta ƙi zama a jiki, ɗan ya fito ba kariya, abu kaɗan ya kashe shi.

Na tambaye ki, to uwar fa, in ta gama? Kika ce fashewa take yi ta mutu, ta haka ɗan ke fitowa. Lokacin ina goyon 'yata Adiza, sai na ji na ƙara ɗaure zanen goyon ba tare da na sani ba.

Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne farkawar. Kin ce wannan abu ba ido, ba kunne, ba ya ci, ba ya sha, numfashinsa ma ba a iya aunawa. Ya yi shekaru a ƙura, rana ta dake shi, sanyi ya dake shi, ruwan zafi ya bi ta kansa, yana nan. Duk da haka akwai wasu furotin a can cikinsa da ba sa barci, aikinsu ɗanɗano. Ranar da ɗigon abinci na gaske ya ratsa rigar ya taɓa su, irin sinadarin da ke cikin wake da nama da jini, sai su buɗe ƙofa. Gishirin da ya cika cikinsa ya fita, ruwa ya shiga. Wasu furotin kuma da aka ajiye tun ranar ɗinki, su tashi su yanka kaurin nan daga ciki. Riga ta tsage, rai ya fito. Kuma kin ce in ya soma farkawa ba ya iya fasawa. In ya yi kuskure ya tashi a wurin da ba abinci, ya mutu ke nan. Don haka aka ba shi haƙurin jira, aka kuma ba shi sanin ranar da jiran ya ƙare.

Na ce, "Safara'u, wa ya koya masa?" Kika yi murmushi kika ce, "Ni aikina in ga yadda aka yi, Barakatu. Wanda Ya yi kuwa, ai kin san Shi." Ikon Allah! Ni da na ɗauka daddawa wari ce da cinikin kasuwa, ranar na koma gida na ɗauki ƙyallena da hannu biyu.

Kafin in fita kika ƙara mini abu ɗaya, fuskarki ta canza. Kin ce ƙwayar daddawa tana da 'yar uwa ta jini. Ɗinkinsu ɗaya, barcinsu ɗaya, farkawarsu ɗaya. Wannan tana gyara miya, waccan ita ce ciwon saifa mai kayar da shanu. Kin ce in dabba ta mutu da ita aka bar gawar a rufe, yawancin ƙwayoyin ruɓewa suke yi tare da ita. Amma da zarar wuƙa ta buɗe ta, jini ya sha iska, sai su shiga ɗinka rigunansu, su kwanta a ƙasa, su jira har jikokin mai saniyar. Na ji, na ce Allah Ya kiyaye, na manta. Matar mahauci ce ni, amma na manta.

Sai ƙasa ta rikice. Kowa ya san abin da muka gani a 'yan shekarun nan: zanga-zanga, taron ƙasa, harbe-harbe a Lome, 'yan uwa suna tsallakawa Ghana da Benin da buhu a ka, sannan dogon yajin aikin da ya rufe ofisoshi tun ƙarshen bara. An kulle labo ɗinki. Allurar shanu da aka saba yi kafin damina ba a yi ba. A can arewa kuma wani abu ya faru da mutanen kudu ba su cika sani ba. Ƙauyukan da aka tasa shekarun baya don a faɗaɗa gandun namun daji, da suka ga hannun hukuma ya yi sanyi, sai suka koma kufansu. Sun tumɓuke allunan hani, sun share gonakin iyayensu, sun kora shanunsu ciki. Ban ga laifinsu ba, kuma ke ma ba ki gani ba. Mutum ya ga kabarin ubansa an ce masa na giwa ne yanzu, me kake so ya yi?

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah kika zo mini Dapaong, kika ce zaman banza ya ishe ki. Na lura kina haki in kin hau 'yar matakalar ƙofarmu, na yi magana, kika ce tsufa ne. Tsufa a shekara arba'in da 'yan kai! Ran kasuwar Nano muka shiga a-kori-kura, ni da ke da Alassani. Ni zan sayo kalwa, shi zai duba dabbobi, ke kuwa kin ce iska za ki sha. Mun wuce Bombouaka ke nan wani mutum ya tare hanya yana ɗaga hannu. Lamboni ne, manomi ɗan ƙabilar Moba, wanda Alassani ya saba sayen dabba wurinsa, ɗaya daga cikin waɗanda suka koma kufai. Ya ce saniyarsa ta faɗi, a yi sauri.

Wanda ba ɗan yankin ba sai an yi masa bayani. A wajenmu, ko mai dabba ba Musulmi ba ne, in yana so naman ya shiga kasuwa kowa ya saya, sai ya kira Musulmi ya yanka. In kuwa dabba ta faɗi, tsere ake yi da mutuwa, wuƙa ta riga rai fita, kada dukiya ta zama mushe. Mahauci da ya iya wannan saurin ana yaba masa, kuma Alassani ya yi suna a kai. Yana da wata ɗabi'a kuma da na yi faɗa a kanta har bakina ya gaji: duk dabbar da ya feɗe, sai ya yanki hanta ya ɗan kara ta a wuta, ya ci a tsaye, da jininta da komai. Ga yunwar bana, ga Sallah ta matso, ga nama ya yi wuya a Dapaong. Ga kuma wani yanka ɗanye a tafin hannunsa na dama, da ya ɗaure da tsumma.

Muka tarar da ita kwance a gefen wata fadama, tana karkarwa, matasa sun danne ta, an riga an juya ta gabas. Alassani ya tsuguna, ya kama maƙogwaro, ya zaro wuƙa. Ni ina can baya ina gyara ɗankwali. Ban ga abin da kika gani ba sai daga baya: jini baƙi na tsiyaya daga hancinta da ƙarƙashin wutsiyarta, ya ƙi daskarewa. Abin da na gani kawai, ke da ba ki iya hawa matakala, kin ruga a guje. Ya ɗaga hannu yana bisimilla, kika cafke wuyan hannun da hannuwanki biyu.

'Yar Malam Huseini, wadda ko a Faransa ba ta miƙa wa namiji hannu a gaisuwa ba, ta riƙe hannun mijin wata a gaban jama'a. Alassani ya ce, "Dakta, sakar mini hannu, za ta zama mushe!" Kika ce, "Ta zama, Yaya Alassani. Gara ta mutu da ka mutu." Ya fizga, kika ƙi saki, har ya ja ki kika durƙusa a ƙasa. Ƙato ne mijina, in ya so da ya yar da ke gefe. Kunya ce ta hana shi, da kuma abin da ya gani a idonki.

Sai matasa suka taso. Wani ya ce ma'aikaciyar gwamnati ce, ya san ta, ya taɓa ganin ta da masu allura. Lamboni ya matso, idonsa jawur, ya ce da Hausarsa ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji, "Madam, kai ma ka zo ka hana mu? An hana mu gona, an hana mu ruwa, yanzu saniya na ma an hana?" Na ga sanduna a hannu, na ga adda. A wannan shekarar an ƙone mota a kan abin da bai kai haka ba. Wallahi na tsorata, na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

A nan na ga hankalin da Allah Ya ba ki. Ba ki ce "an hana" ba ko sau ɗaya. Ba ki ambaci doka ba, ba ki ambaci karatunki ba. Kika zauna daɓas a ƙasa, hannun Alassani na nan a hannunki, kika ce da ni, tunda ina jin yaren Moba, in roƙa a kira miki wanda ya fi kowa tsufa a garin. Aka kawo wata tsohuwa, Tani, tana dogara sanda. Kika gaishe ta kamar yadda ake gaida kaka, kika tambaye ta ko shanu sun taɓa faɗuwa a fadamar nan. Tsohuwa ta dubi wurin ta daɗe. Ta ce tana amarya aka yi. Shanu sun zube, mutane sun bi su, aka binne gawarwakin a nan, iyaye suka ce kada kofato ya ƙara taka wurin. Ta ce ta faɗa wa yaran lokacin da aka dawo, suka ce wannan ma maganar masu gandu ce. Dattawan da za su tsawata duk sun mutu a can inda aka kai su. Allah sarki! Hanin kakanni da hanin hukuma sun cakuɗe musu, suka tumɓuke su tare.

Wani saurayi ya ce shekara nawa ke nan, wace cuta ce za ta zauna a ƙasa tun kakarsa tana amarya? Sai kika juya wajen matan da suka taru a baya, don su ma masu daddawa ne. Kika ce in tambaye su, da me suke rufe kalwarsu? Suka ce da tsohuwar ƙwarya da tsohon ƙyalle. In 'ya za ta fara nata fa? Suka ce ana yago mata. In ƙyallen ya shekara a rataye ba a taɓa shi ba, ya daina aiki? Suka yi dariya, suka ce ina, ran da ya ji ɗumin kalwa ran nan yake tashi. Kika ce, "To ku gaya wa mazanku, fadamar nan tsohon ƙyalle ce. Abin da ke cikinta bai mutu ba, barci yake yi. Ruwan farko ya tono shi, saniya ta haɗiye shi da ciyawa, ya ji ɗumin jini ya tashi. In aka buɗe cikinta yau, kun yago wa jikokinku sabon ƙyalle."

Na fassara musu. Dariyar matan ta ɗauke. Wata ta ce ai za a dafa sosai. Kika ce tukunya ba abin dogaro ba ce, kuma kafin nama ya kai tukunya, hannu nawa zai bi, fatar wa zai shanya, jinin ina zai kwarara? Sai na ga matar Lamboni ta ajiye tulunta, ta zo ta tsaya tsakanin mijinta da saniyar. Wata ta biyo ta, wata ta biyo. Tsohuwa Tani ma ta jawo sandarta ta shiga layi. Ana cikin haka saniyar ta miƙe ƙafa, ta yi shiru. Sai a lokacin kika saki hannun Alassani. Shatin yatsunki ya kwana a jikinsa.

Sauran yinin aiki ne. Kika sa aka toshe hancinta da bayanta da tsumma, aka haƙa rami mai zurfi a gefenta, aka tura ta da itace ba wanda ya taɓa ta da hannu. Aka kankare ƙasar da jini ya zuba aka bi ta da ita, aka tara ƙirare aka cinna wuta a wurin. Da aka zo maganar alama, wani ya ce a kafa allo. Kika ce allo tumɓuke shi za a yi, kuma da gaskiyarsu. Kika ce a dasa aguwa a kewaye fadamar, tunda dabba ba ta cin ta, kuma kowane ɗan ƙauye ya san shingen aguwa na mutanen gari ne, ba na hukuma ba. Da hannunki kika dasa reshen farko. Bayan nan na same ki a gindin wata ɗorawa, leɓɓanki sun yi duhu, kina neman numfashi. Kika ce kada in gaya wa kowa.

A nan ne kuma aka faɗa miki cewa wata saniyar ta faɗi shekaranjiya, sun yanka da kansu sun ci a gida. Kika miƙe kamar ba ke ce ke haki ba. Kika bi gida gida, duk wanda ya taɓa ko ya ci kika sa aka loda shi a motarmu zuwa asibitin Dapaong. Kalwar da ban saya ba ke nan. Yawancinsu sun tashi, wasu da baƙin gyambo a hannu. Ƙanen Lamboni, wanda ya feɗe ta ya kuma gasa hantar sama-sama ya ci, bai ga bayan Sallah da kwana uku ba. Alassani ya je jana'izarsa. Da ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon tafin hannunsa, na kawo abinci ya huce a gabansa. Tun ranar ban ƙara ganin ya ci hanta a tsaye ba.

Ba ki huta ba. Kin koma Sokode kin bi abokan aikinki ɗaya ɗaya har aka samo allurar rigakafi, kika dawo da ita cikin akwatin ƙanƙara a kan cinyarki. Wasu sun ce kin karya yajin aiki, kin ci amanar tafiya. Abin ya yi miki ciwo, don ke ma kina son canjin nan kamar kowa. Amsarki ɗaya ce, cewa saifa ba ta shiga yajin aiki ba. Kuma a hanyar nan ne kika gaya mini abin da ya sa na riƙe baki: allurar kanta sipor ne, na wannan cutar dai, wanda aka raba da makaminsa guda. Ya farka a jikin saniya, ya koya wa jinin yadda ake faɗa, bai kashe ta ba. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sa magani a cikin rigar cuta. Shanun ƙauyukan nan ba su ƙara faɗuwa ba a daminar. Ke ce kika faɗi, ciwo ya kwantar da ke.

Da aka aiko mana cewa jiki ya yi tsanani, muka taho ni da Alassani. Na same ki kin kumbura, magana sai da ƙyar. Na zauna ina yi miki faɗa kamar yadda na saba, ina cewa wa ya aike ki gudu da irin wannan zuciya. Kika yi ɗan murmushi. Tambayar da kika yi mini ta ƙarshe ba ta 'ya'yanki ba ce, kin san suna hannu nagari. Cewa kika yi, "Barakatu, aguwar ta kama?" Na ce ta kama, ta yi ganye, matar Lamboni ce ke korar awaki kada su tattake ta. Kika lumshe ido kika ce alhamdu lillahi. Bayan wannan sai kalmar shahada.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Amma an ba ni labari cewa da aka isa, matasan unguwa sun ɗauki diga, Alassani ya karɓe. Aka ce masa shi baƙo ne, ya bari. Ya ce ba wanda zai haƙa wannan kabarin sai shi. Da suka dawo na ga hannunsa na dama, jar ƙasar Sokode ta cika tabon yankan nan. Ya ƙi wankewa har aka kira azahar. A ran nan, gaban mutane, mijina da ban taɓa ganin hawayensa ba ya yi kuka kamar yaro. Ya kuma ɗauki alkawari, duk shekara kafin ruwan farko zai je ya duba shingen, inda ya faɗi ya tayar, muddin yana numfashi. Ni kuma na ɗauki nawa: duk 'yar da na yago wa ƙyalle, sai na ba ta labarin fadamar tare da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Muhsin, wanda ya yi haƙuri da mace mai kwana da tunanin ƙura, bai taɓa ce mata ta bari ba. Ga 'ya'yanki Nafissatou da Nourou: uwarku ba ta bar muku gidan bene ba, amma akwai garin da in kuka faɗi sunanta za a shimfiɗa muku tabarma. Ga Inna Gwamma, wadda Allah Ya nufa ta ga wannan rana da tsufanta, Inna, Allah Ya ba ki dangana, tambayar da kika kora daga bakin tukunya ta ceci rayuka. Ga dangin Malam Huseini na Sokode da na Blitta, da abokan aikinta, har waɗanda suka yi mata gori, da mutanen Lamboni da suka yo tafiyar nan mai nisa don su zauna a tabarmar makoki tare da mu, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Safara'u, ke kika nuna mini da idona abin da ya bushe, aka binne shi, aka manta da shi, kuma ranar da aka kira shi ya tashi. Tun daga ran nan ban ƙara jin wa'azin tashin ƙiyama kamar labarin nesa ba. Wanda bai manta da ƙwayar da ke cikin ƙurar buhu ba, ba zai manta da ke ba. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa barcinki ya zama mai sanyi, farkawarki ta zama cikin aminci. Ranar da ƙafafu za su yi rawa a kan siraɗi, ya Allah, ga baiwarKa da ta riƙe hannun mijina ta ƙi saki. Ka riƙe nata, kada Ka saki. Amin.